Rafali: Kakana Ɗan Katolika da Filin da Ya Ƙi Nomawa

Yau ba ni da baƙo, kuma ba zancen kasafin kuɗi ko katin zaɓe zan yi muku ba kamar yadda muka saba. Yau hirar gida ce. Shekara guda kenan da rasuwar kakana, mahaifin babana, kuma akwai wata magana da ta taso a danginmu a kan wani fili da ya bari, wadda nake ganin ta fi ƙarfin danginmu kaɗai. Amma kafin in kai ku filin, sai kun san mai filin tukuna.

A ƙauyenmu, can cikin ƙaramar hukumar Bunkure, gefen kanal, in ka nemi kakana da sunansa na baftisma yara za su tsaya suna kallonka. Amma ka ce Rafali, ko yaron goye sai ya nuna maka gidan. Bahaushe ne, Bakano gaba da baya, manomi, kuma ɗan Katolika na gani-kashe-ni. Na san yanzu akwai wanda ya ɗaga gira. Na saba. A jami'a an sha ce mini, "Kai, Hausarka ta fita fa, a ina ka koya?" Sai in ce a bayan uwata. Da na je bautar ƙasa a kudu kuma, a coci aka riƙa tambayata yaushe na bar Musulunci. Kakana bai taɓa ɓata lokacinsa a kan irin wannan tambayar ba. In ka yi masa ita sai ya nuna maka kushewar kakansa a bayan gari, ya ci gaba da abin da yake yi.

Gidan Maguzawa ya fito. Su uku ne maza a wurin mahaifinsu. Ƙanensa ya musulunta tun zamanin da Sardauna yake rangadin musuluntarwa, wansa ya zauna a kan abin da ya tarar iyaye suna yi har ya tsufa, shi kuma ya bi Fada. Uwa ɗaya uba ɗaya, gandu ɗaya, addini uku. Shi ya sa har yau in ana Sallah ana kawo mana nama, in ana Kirsimeti mu ma muna kai shinkafa, kuma ba don wata ƙungiya ta koya mana zaman lafiya ba. Dangi ne kawai.

Yadda ya shiga coci kuwa, da dariya yake ba da labarin. Fadannin da suka riƙa shiga ƙauyukan Maguzawa, 'yan ƙungiyar SMA, akasarinsu Turawan ƙasar Ailan ne, a kan babur suke zuwa da magani da allo da alli. Wata rana ɗaya daga cikinsu ya kwance ƙwallon fata daga bayan babur, irin mai igiyar nan da in ruwa ya taɓa ta take zama kamar dutse. Su da suka saba da tamolar tsumma! Kakana a lokacin ɗan kokawa ne, an san shi a kalankuwa, ba a cika kai shi ƙasa ba. Yana cewa, "Ni ƙwallo ce ta kai ni ƙofar coci, Allah kuma ya ja ni ciki ya rufe." Ya koyi karatu da Hausar boko yana magidanci, har ya zama katikis. Ga waɗanda ba su sani ba, katikis ba Fada ba ne, ba ya yin Misa. Amma a ƙauyen da Fada ba ya samun zuwa sai bayan makonni, shi ne mai jan addu'ar Lahadi, shi ke koya wa yara katikisim, shi ke zuwa wurin mara lafiya, shi ke tsayawa a kan gawa. Ya yi wannan aikin a kan kekensa Rali tun Kano ba ta zama dayosis ba, don sai a 1999 ta zama, da Bishop Patrick Sheehan. Albashin kuwa, kada ma ku tambaya.

To, bari in ɗan koma baya in gaya muku abin da ruwa ya yi wa yankinmu, don in ba ku gane wannan ba ba za ku gane filin ba.

Kafin a gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, rani a wurinmu lokacin hutu ne. An cika rumbu, wasu sun tafi cin rani, sauran samari kuma sai kokawa da dambe da langa da farauta. Da aka haƙa babban kanal aka sako ruwa ya gangaro ta Rano zuwa Bunkure da Kura da Garun Malam, aka auna gonaki aka baje su aka sake rabawa, sai rani ya zama lokacin da ya fi kowanne aiki. Alkama, tumatir, albasa, masara, daga baya shinkafa. Kuɗi ya shigo, ba mai musun wannan, da kuɗin tumatir aka yi mana makaranta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Gafan lokacin kakar tumatir ya ga motoci suna lodi zuwa Legas ya san abin da nake faɗa. Amma ruwan ya cinye lokacin wasa, ya kuma cinye wurin wasa. Ko'ina kwami, ko'ina kunya. Dandalin da ya rage wa yara shi ne kanal ɗin kansa.

Kuma kanal ba abin wasa ba ne. Daga sama ruwan kamar a kwance yake, a ƙasa yana ja. Ga tsargiya, fitsarin jinin nan da ake ɗauka a ruwan da dodon koɗi ke zaune ciki, wadda ta yi yawa har wasu iyaye suka ɗauka alamar balaga ce. Wata shekara ruwa ya tafi da ɗan maƙwabcinmu, kuma kakana yana cikin waɗanda suka ciro shi a bakin ƙofar ruwa. Bai cika son ba da wannan labarin ba. Abin da dai kowa ya gani shi ne, a makon nan ya ɗauki gatari ya saro sandunan darbejiya, ya kafa su a wata gonarsa da ke kan tudu, inda ruwan kanal ba ya hawa, bai kai eka biyu ba. Ya cire kututture, ya share ƙaya, ya ja layi da toka. Ya ce daga yau duk yaron da ya gani a kanal ba zai buga ƙwallo ba na mako guda. Abin mamaki, wannan hukuncin ya fi bulala aiki.

Da damina ma bai shuka komai a wurin ba. Ko gyaɗa. Mutane suka ce Baba ya taɓu. Iya, wato kakata, Allah ya ƙara mata lafiya, shugaba ce a Zumuntar Mata Katolika kuma bakinta ba ya shiru, takan ce ita cocinsu ya hana kishiya amma ga shi an yi mata guda biyu, ƙwallo da rediyo. In aka sayar da tumatir, sai ta riga shi zuwa wurin kuɗin, don ta san batir da sabuwar ƙwallo ne farkon abin da zai saya.

Dokokin filin nan su ne nake so matasa ku saurara da kyau.

Bai taɓa yarda a raba 'yan wasa da addini ba. Ko sau ɗaya. Akwai shekarar da samarin coci suka zo masa da shawara, wai ranar Kirsimeti a yi wasan sada zumunta, Kiristoci da Musulmi. Da kyakkyawar niyya suka zo. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, "To in aka ci ku, Yesu aka ci? In kuka ci su, wa kuka ci?" Kowa ya yi shiru. Shi rabonsa ɗaya ne: a jeru, kai nan, kai can, masu riga da marasa riga. Gobe kuma a sake. Sai ka tarar ɗan katikis da ɗan liman suna tsaron baya tare, suna zagin mai tsaron gidansu tare.

Ƙarfe shida na yamma wasa yake tsayawa, ko da fenareti za a buga. Akwai wani tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataye a bishiya a bakin coci, shi ne ƙararrawarmu. Da an buga shi zai busa usur, ya cire hula, ya yi addu'ar Anjelus a tsaye a tsakiyar fili. Kafin ya shafa an kusa kiran magariba, sai ya kori sauran, "Maza ku je ku yi alwala, kada babanku ya ce Rafali ne ya hana ku salla." Ba a wasa da safiyar Lahadi, ba a wasa lokacin Juma'a. Da azumin Ramadan yakan rage lokaci ya kuma matsar da shi kusa da shan ruwa. Da namu azumin na kwana 40, ranar Larabar Toka, za ka gan shi da toka a goshi yana zuba wata tokar a layin fili, yara suna tsokanarsa wai Baba ya yi wa kansa layin tsakiya.

Kada ku ɗauka waliyyi nake kwatanta muku. Mutum ne mai taurin kai, in ya busa ya busa, ko duk duniya ta ga ba haka aka yi ba. Jan katinsa murfin wani tsohon littafi ne da ya yanke, kuma mu jikokinsa muka fi kowa shan shi, don kada a ce ya yi son kai. Shekaru da yawa ya ƙi barin mata su taka filin. Ƙanwata ce ta karya shi. Kun san wasan jika da kaka, amarya yake ce mata. Ta ce masa to angon da ya hana amaryarsa fili, a kai kasuwa. Ta dame shi da zancen Super Falcons, ta ce su sun fi mazan kawo kofin Afirka gida, wanda kuwa gaskiya ta faɗa. Ƙarshe ya ba su safiyar Asabar, yana gunaguni, kuma shi ya riƙa busa musu.

Rediyonsa kuwa, a nan na koyi tarihin Najeriya kafin in shiga aji. Zai gaya maka inda yake zaune ranar 22 ga Maris 1980 da Green Eagles suka ci Aljeriya uku da nema a Legas suka ɗauki kofin Afirka na farko, Odegbami biyu, Muda Lawal ɗaya. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, amma yana kwaikwayon muryar Ernest Okonkwo har ka riƙe ciki. Ya ga zamanin Raccah Rovers, da suka ɗauki kofin lig a 1978, kuma har ya rasu yana cewa yaran yanzu ba su san ƙwallon Kano ba. Ni a 1996 aka haife ni, da damina, kwanaki kaɗan bayan wasan nan na Atlanta da Burazil take gaba da ci uku da ɗaya, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na ƙarshe, ya kuma ƙara ta zinare. An ce tsakar dare ya fito tsakar gida yana ihu, Iya ta ɗauka ɓarayi ne. Shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba. Fafilo yake ce mini, laƙabin Kanu a bakin Bahaushe, duk da cewa ƙafata ta hagu ba ta san hanyar raga ba.

Pillars kuwa, sai masu gida, har cikin jininsa. A 2009 da suka fitar da Al Ahly ta Masar, biyu da biyu a Alƙahira, ya yi kwana uku yana gaisawa da mutane da sakamakon wasan. Shi ya fara kai ni filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, a bayan motar tumatir muka shiga birni, rosarinsa a aljihu ɗaya, kuɗin tikiti a ɗayan. Ya ga Ahmed Musa yana yaro yana tsere wa 'yan baya, ya ce mini wannan ba zai daɗe a nan ba. Amma bai taɓa yi wa ƙungiya addu'ar cin wasa ba. Yana cewa su ma waɗancan suna da uwaye masu addu'a, kada a sa Allah a tsaka mai wuya.

Akwai labari guda da ya fi so a duniya. A watan Fabrairun 1982 Fafaroma John Paul na biyu ya zo Kaduna, ya naɗa sababbin Fadanni, kakana yana cikin waɗanda suka cika babbar mota suka je. Daga nesa ya hango shi, kamar ɗigon farin alli. A hanyar dawowa wani Fada ya gaya musu cewa Fafaroman nan mai tsaron gida ne yana yaro a ƙasar Folan, kuma a garinsu in za a yi wasa tsakanin yaran Katolika da yaran Yahudawa, in Yahudawan ba su cika ba, shi yakan koma ya tsare musu raga. Da na girma na bincika na tarar haka marubuta tarihinsa suka rubuta. Kakana ya riƙe wannan kamar aya. Duk wanda ya ce masa me ya haɗa katikis da tara 'ya'yan Musulmi, amsar kenan: "Fafaroma ma ya tsare wa wasu gida." Daga baya ni na ƙara masa da labarin San Lorenzo ta Ajantina, ƙungiyar da Fafaroma Francis ya kasance yana goyon baya, wadda ta samo suna daga wani Fada, Lorenzo Massa, da ya buɗe wa yara harabar coci a 1908 don ya raba su da buga ƙwallo a kan titi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe su ma suna da kanal."

Gwajin filin nan ya zo a watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa. Waɗanda suka yi wayo a lokacin sun tuna abin da ya faru a jihohin arewa. A wurinmu rikicin ya faɗo a cikin Mako Mai Tsarki, ana shirin Ista. Ba a taɓa kowa a ƙauyenmu ba, amma jita-jita tana shigowa ta waya kamar ruwan kanal, kowa ya kulle 'ya'yansa. Mutanen da suka sha fura a kwano ɗaya suka koma gaisuwa daga nesa. Ina da shekara 14. Litinin ɗin bayan Ista ya ce, "Fafilo, ɗauko bokitin toka." Muka ja layi mu biyu. Ƙarfe huɗu da rabi ya busa usur kamar kullum. Ba wanda ya zo. Washegari haka, jibi haka, yana zaune a kan benci da ƙwallo a cinya har a buga ƙarfen shida. Rana ta huɗu ya tashi ya tafi ƙofar gidan ladanin masallacinmu, wanda ɗan ƙanensa ne, ya yi sallama. Ya fito ya durƙusa, "Baba lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau. Kai ɗan ƙanena ne ko ɗan siyasa? Turo mini yarana." Yara goma suka fito a ranar. Ya jera mu, kai nan, kai can.

Ba ina cewa ƙwallo ce ta hana wuta tashi a garinmu ba, abin ya fi haka zurfi. Amma na san abu ɗaya daga jikina: mutumin da ka shekara biyar kana ba shi ƙwallo yana ba ka, in aka turo maka saƙo cewa yana shirin yanka ka, sai ka tsaya ka yi tunani. Wannan ɗan tsayawar ba ƙaramin abu ba ne.

A shekarunsa na ƙarshe abin da ya fi ɓata masa rai shi ne gidan kallon ƙwallo da cacar waya. Ba ya ƙin kallo, amma yana cewa yaro ya haddace 'yan wasan Arsenal har da na benci, shi kuwa ba zai iya gudun minti goma ba. Ya ga yadda kodin da tiramol suka shigo har ƙauye, tun kafin gwamnati ta hana maganin tarin mai kodin a 2018. In ya ga idon yaro ya canja ba ya korarsa daga fili, sai ya sa shi tsaron gida, inda zai riƙa ganinsa.

Da ya rasu, waɗanda suka haƙa kabarinsa fiye da rabi Musulmi ne, tsofaffin 'yan wasansa, wasu da furfura. Suna tsaye a bakin coci har aka gama Misa. Allah ya ba shi hutawa ta har abada.

Yanzu ga maganar da ta kawo ni. Abin da ya ceci filin nan shekara da shekaru shi ne tudu ne, ruwa ba ya hawa. Yau wannan kariyar ta tafi. Da injin ban ruwa da 'yar rijiyar tiyo, yanzu ma har da mai amfani da hasken rana, ba tudun da ba a nomawa da rani. Tun da aka rufe iyakoki a watan Agustan 2019 shinkafa ta yi daraja, ku je Kura ku ga injinan casa. Duk taƙin ƙasa a yankinmu yanzu kuɗi ne. Kakana kuma bai rubuta komai ba, da baki ya ce a bar wa yara. Filin yana cikin gado, kuma wani ya riga ya zo ya taya hayarsa.

Ba zan zo nan in zagi baffannina ba, kuma kada wanda ya zage su a madadina. Da Baffa babba ya kira ni, cewa ya yi, "Ɗana, kai ka yi boko kana birni. Ni ina da 'ya'ya a makaranta, ka san kuɗin buhun taki, ka san abin da mai ya zama tun da aka cire tallafi a 2023. In bar gona yara suna tsalle a kai?" Na ce, "Baffa gaskiyarka ne." Don gaskiyarsa ne. Kakana ya ɗauki wannan asarar shi kaɗai shekaru masu yawa da son ransa. Ba adalci ba ne mu ce dole 'ya'yansa su ci gaba da ɗauka, mu kuma da muka ci moriyar muna daga gefe muna tafi muna rubuta kalamai masu daɗi a Facebook.

Don haka abin da na roƙe su, kuma suka ba ni zuwa ƙarshen kaka, shi ne mu mu karɓi hayar. Mu da muka buga a wurin. Abin da mai shinkafa zai biya a shekara, mu biya, a rubuta a takarda a gaban mai unguwa da dagaci, da sa hannun Fada da liman a matsayin shaidu, filin ya zauna fili. Muna da yawa fa. Akwai direbobi, akwai malaman makaranta, akwai sojoji, akwai masu sayar da tumatir a Mile 12, akwai wanda yanzu shi ke ba da haya ga wasu. In kowa ya kawo kuɗin katin waya na mako guda, an wuce wurin. Daga nan kuma sai mu tunkari ƙananan hukumominmu, Bunkure da Kura da Garun Malam, da maganar ware filin wasa a kowace mazaɓa a rubuce, don na tabbata ba ƙauyenmu kaɗai ba ne. Ku duba naku garin, inda kuka buga kuna yara, ku gaya mini me ke wurin yau, shinkafa ko shaguna.

Asabar ta ƙarshen watan nan, bayan la'asar, za mu zauna a filin mu buɗe littafin masu bayarwa, ma'aji biyu, ɗaya daga kowane ɓangare, kuma duk abin da ya shigo za a karanta shi a bainar jama'a. Wanda yake nesa ya aiko ɗan'uwansa. Mai zuwa ya zo da takalminsa, don bayan zaman za a jeru, kai nan, kai can. Usur ɗin yana hannun ƙanwata, Iya ce ta ba ta, kuma ta riga ta ce ni zan fara shan kati.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.